Yaron da Ya Koma Baya: Lacca ga Iyaye da Masu Rainon Yara a Arewacin Zamfara

 

Maganarmu ta yau a kan yaro ɗan shekara uku zuwa biyar ce. An yaye shi, ƙafarsa ta yi ƙwari, bakinsa ya buɗe, ya daɗe da barin fitsarin kwance. Sai kwatsam komai ya fara warwarewa. Da asuba a tarar da tabarma jiƙe. Ya koma tsotsar yatsa. Wanda jiya yake cin tuwo da hannunsa yau sai an ba shi a baki. Uwa ta miƙe za ta zagaya, ya cafke mata zane yana tsala ihu. Wani ma maganar ce take ɗaukewa, ya koma nuni da hannu.

Su wa ke fama da wannan? A ƙasar nan gidan rainon yara shi ne ɗakin kaka, ko tsakar gidan gwaggo, ko wurin maƙwabciyar da ake tara wa yara idan uwa malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar asibiti. Yau kuma akwai gidaje masu yawa a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da suka karɓi 'yan'uwan da suka gudo daga ƙauyuka saboda 'yan bindiga, har mace ɗaya ta wayi gari da 'ya'yanta da na ƙanwarta da marayun yayanta. Ita ce ke wankin shimfiɗa, ita ce ke jin kukan dare. Da gajiya ta kai mata iya wuya sai ka ji ta ce, "Iskanci ne kawai, da can ai ba ya yi."

Ina roƙon iyayenmu mata su ajiye wannan hukunci. Yaron da hankalinsa ya tashi ba shi da kalmomin da zai ce yana jin tsoro. Abin da ya sani shi ne, lokacin da yake goye a baya babu abin da ya taɓa shi, don haka can yake ƙoƙarin komawa. Iyayenmu sun san wannan tun da daɗewa a yaron da aka yi wa ƙani, musamman idan kwanika aka yi, ko wanda aka kai yaye gidan kaka. Sabon abin da ya same mu shi ne girman tsoron. Yaron da aka fizgo daga barci aka ruga da shi cikin gero, ya ji harbi, ya kwana a daji, ko aka ɗauke ubansa a gona, don me za mu yi mamaki idan ya jiƙa shimfiɗa da ya ji ƙarar babur cikin dare?

Ba a kanmu aka fara ganin haka ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1941 zuwa 1945, Anna Freud da Dorothy Burlingham sun riƙe gidajen rainon yara a Landan lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai. Sun lura cewa rabuwa da uwa ta fi rikita ƙananan yara fiye da ƙarar bam ɗin kanta, kuma yaron da uwarsa ta natsu a gabansa yakan natsu. Yaran da aka raba da iyayensu kuwa suka koma fitsarin kwance da tsotsar yatsa, daidai abin da muke gani a gidajenmu.

Sai dai kafin a ce tsoro ne, a duba jiki. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da Ma'aikatar Lafiya sun auna yara fiye da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, suka samu kashi 27 cikin 100 suna fama da tamowa. Yaron da tamowa ta kama yakan daina wasa, ya daina tafiya, ya zauna shiru a inda aka ajiye shi. Wannan abinci da magani yake nema. Fitsarin kwancen da ya dawo na iya zuwa daga ciwon mafitsara, ko tsargiya idan ana ganin jini, ko ciwon sukari idan yaro na yawan shan ruwa yana ramewa, ko sikila, ko taurin bayan gida. Idan magana ko ji ko tafiya suka ɗauke bayan zazzaɓi mai zafi, ko sanƙarau, ko jijjiga, kada a kwana ana jiƙe-jiƙe, a nufi babban asibitin Ƙaura ko Shinkafi ko Zurmi, su kuma su tura Gusau idan abin ya fi ƙarfinsu. Mu Zamfarawa ba mu manta da gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum ba, wadda ta kashe yara kimanin 400, ta bar wasu da lahani a ƙwaƙwalwa. Duk gidan da ake daka dutsen zinariya ya sa wannan a ransa.

Idan likita ya ce lafiyarsa ƙalau, aiki ya dawo hannun mai raino. Farko, a tsayar masa da rana guda mai tsari: koko a lokacinsa, wanka a lokacinsa, wurin kwana ɗaya, mutum ɗaya da zai kwantar da shi. Yaron da duniyarsa ta birkice yana samun natsuwa idan ya san abin da zai biyo baya. Na biyu, uwa ta daina sulalewa a ɓoye. Ta durƙusa ta dube shi ta ce, "Zan tafi aiki, Inna na nan tare da kai, da an kira la'asar zan dawo." Zai yi kuka, amma idan la'asar ta yi ya gan ta, gobe kukan zai ragu. A bar masa ɗankwalinta ya riƙe. Na uku, idan ya nemi goyo a goya shi na ɗan lokaci, sannan a ba shi aikin manya daidai ƙarfinsa, ya miƙo ludayi, ya watsa wa kaji tsaba, a yaba masa. Idan kun ga yara na wasan harbi da kara, ko suna ɓoye 'yar tsana a ƙarƙashin tabarma, ku zauna kusa ku saurara. Abin da baki ya kasa faɗa ne yake fita. Ku kuma rage ba da labarin wanda aka kashe da kuɗin fansa a gabansu, domin kunnensu na nan ko da idonsu na kan wasa.

Abin da za a bari kuwa shi ne duka, da tara yara su yi masa waƙar amalala, da barazanar dodo, balle a ce masa 'yan bindiga za su zo su ɗauke shi. A cikin yara 100 'yan shekara biyar, kimanin 15 suna fitsarin kwance ko da lafiya lau ake zaune, kuma babu wanda yake yi da gangan cikin barci. Na san za a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, tarbiyya na nan, yaron da ya ciji ɗan'uwansa a riƙe hannunsa a hana shi. Amma wanda tsoro ya sa shi fitsari, bulala tsoron za ta ƙara masa. Malamanmu na nan za su gyara mini: ya tabbata cewa jaririn Ummu Ƙais ya yi fitsari a jikin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sai ya nemi ruwa ya yayyafa a tufafinsa. Ya kuma kasance yana gajarta salla idan ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa.

Roƙona ga hukumomin lafiya na ƙananan hukumomin nan uku shi ne a sa wannan bayani cikin jawabin ranar awo da ranar rigakafi. Malaman islamiyya da na ajin share fage su riƙa tambayar daga wane gari aka kawo yaro kafin su ɗaga bulala. Limamai su yi wa maza magana, domin mai rainon da ba ta ci ba, ba ta yi barci ba, ita ma a tsorace take, ba za ta iya kwantar da hankalin kowa ba. Maigida ya karɓi yaron bayan magariba, maƙwabta su kama mata wanki da ɗiban ruwa. Yawancin yaran nan suna dawowa daidai idan sun samu wannan kulawa, wanda kuma ya shafe watanni ba sauƙi a mayar da shi asibiti.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara, Ya raya mana zuriya, Ya saka wa masu rainonsu da alheri.