Jawabi A Kan Targaɗen Idon Sawu Da Hanyar Hana Shi Komowa

Wannan jawabi domin 'yan ƙwallo ne, da 'yan tsere, da 'yan kokawa, da malaman makaranta masu lura da wasanni. Cikin raunukan da kan sami mai wasa, da wuya a ga wanda ya kai targaɗen idon sawu yawa. Muninsa kuwa shi ne, in ya sami mutum sau ɗaya yakan komo, tun ba cikin shekarar farko ba. Ta haka yaro gwani kan bar wasa tun ƙarfinsa bai ƙare ba, wani kuma ciwon gaɓa ya bi shi har tsufa. Alhali kuwa rigakafin abin ba shi da tsada.

Dalilin Komowarsa

A gefen waje na idon sawu akwai jijiyoyi 3 masu ɗaure siririn ƙashin ƙwauri da ƙasusuwan ƙafa. Idan mutum ya taka rami, ko ya dira bisa ƙafar wani, ƙafar ta gurɗe ciki, sai jijiyoyin nan su miƙe fiye da kima, ko su yage. Amma ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Gaɓar tana da wani ji nata, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa take zaune ko ido bai duba ba. A 1965 wani likita na Ingila, Dokta Freeman, ya bayyana cewa targaɗe yana raunana wannan ji. Watau kumburi ya saɓe, zafi ya tafi, mai wasa ya ɗauka ya warke, amma in ƙafar ta fara gurɗewa ba ta gyara kanta da hanzari kamar dā.

Kwana Biyu Na Farko

Wanda ya yi targaɗe ya bar fili nan take. A ɗora ƙafar bisa matashi, a naɗe ta da bandeji ba da matsi ba, a aza ƙanƙara cikin tsumma kamar minti 15, sau da yawa a yini. Kada a yi gashi da ruwan zafi, kada kuma a murza da ƙarfi, gama wannan ƙara kumburi yake yi. A 1992 likitocin Otawa ta ƙasar Kanada suka fitar da ƙa'ida mai sauƙi: wanda ya kasa yin taku 4, ko kuwa in an danna ƙashin idon sawun kansa ya ji zafi, lalle a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi, domin watakila karaya ce. In ba karaya, da zarar zafi ya ragu sai ya fara takawa sannu sannu, domin dogon kwanciya raunana gaɓa yake yi.

Hanya Ta Farko: Horon Tsayuwa

Wannan ba ya cin ko kwabo, wanda ya taɓa yin langa kuwa ba zai ga baƙon abu ba. Mai targaɗe ya tsaya bisa ƙafar da ta ji ciwo rabin minti, kusa da bango, ya maimaita sau 3. In ya gwanance sai ya rufe ido. Bayan wannan ya hau matashi ko tarin yashi, abokinsa yana jefa masa ƙwallo yana cafewa. Kafinta kuma yana iya yanka faifan katako, ya kafa masa rabin dunƙulen itace a ƙasa, mutum ya hau yana hana gefen faifan taɓa ƙasa.

A 2009 aka buga sakamakon wata jarrabawa da aka yi a ƙasar Holan da 'yan wasa 522 masu targaɗe. Kimanin rabinsu suka yi irin wannan horo a gidajensu, sau 3 a mako, har mako 8. Cikin shekara guda, 22 cikin ɗari na masu horon ne targaɗe ya komo musu, amma na marasa horo 33 cikin ɗari.

Hanya Ta Biyu: Maɗauri

Waɗansu sukan naɗe idon sawu da filasta kowace ranar wasa. Yana da amfani, amma yakan saki bayan an ɗan yi gudu an yi zufa, yana bukatar gwanin naɗi, sa'an nan kullum sai an sayi sabo. Maɗaurin idon sawu mai igiya irin ta takalmi ya fi shi araha in an yi lissafin shekara, domin sau ɗaya a kan saya, a wanke, a sake sawa. A 2014 masu bincike na Holan suka gwada maɗauri da horo, suka ga maɗaurin ya fi rage komowar targaɗe, ya kuma fi sauƙin kuɗi in an haɗa da na magani da fashin aiki. Sai a riƙa sa shi a kowane wasa har shekara ta zagayo.

Hanya Ta Uku: Fili Da Shiri

Kafin wasa a zaga fili, a cike ramuka, a tsince duwatsu, tun ba da rani ba sa'ad da ƙasa ta ƙeƙashe. Takalmi ya zama daidai ƙafa, a ɗaure igiyarsa har sama. Kada a shiga wasa da jiki a sanyaye. A 2006 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta fitar da tsarin motsa jiki na minti 20 mai suna 11+, wanda a kan yi aƙalla sau 2 a mako, akwai kuwa tsayuwa da ƙafa ɗaya a cikinsa.

Komawa Fili

Sannu ba ta hana zuwa. Kada mai targaɗe ya koma wasa sai ya iya yin tsalle bisa ƙafar ita kaɗai, ya yi gudu, ya juya dama da hagu ba tare da zafi ba. In bayan mako 6 tana ciwo ko tana kuɓuce masa, ya koma wurin likita. Nauyin wannan yana wuyan malamai da shugabannin kulob: wanda ya sa yaro wasa yana ɗingishi domin cin kofin yau, ya yi asarar ɗan wasan shekaru goma masu zuwa.