Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Jawabi A Taron Shekara-Shekara Na Tsofaffin Ɗalibai



Da kwamitin shirya wannan taro ya nemi in yi magana a kan aikina na rubuta manhajar kwamfuta, sai na ga ya fi kyau in fara da ranar da wannan aiki ya kusa jawo mini kora.

A ofishinmu an ba ni aikin rubuta wata manhaja mai lissafin albashi. Don in gwada ta, sai na ƙirƙiri ma'aikata uku na ƙarya, na raɗa musu Malam Gwaji na Ɗaya, na Biyu da na Uku, na ajiye su a folda ɗaya da sunayen ma'aikata na gaskiya, da niyyar in share su daga baya. Sai na sha'afa. Ƙarshen wata ya zo, manhaja ta kwashe duk abin da ta tarar, ta yanka wa kowa albashi, har da su Malam Gwaji. Wani dattijon akanta ne ya tsinkayo sunayen kafin a sa hannu. Ba don shi ba, da yau sunana yana cikin masu cusa ma'aikatan bogi, kuma ba mai yarda cewa mantuwa ce. Duk da haka sai da na amsa takardar neman bahasi.

A daren nan na tuna da malaminmu na Kimiyya, wanda ba ya bari a taɓa komai a ɗakin gwaje-gwaje sai kowace kwalba ta sami lakabinta da mazauninta. Mu a lokacin gani muke tsanani ne kawai. Malam, ka yafe mana, yanzu mun gane.

Ita manhaja gaɓa-gaɓa ake rubuta ta, kowace gaɓa da aikinta. Gwajin gaɓa kuwa shi ne a rubuta 'yar tambaya wadda an riga an san amsarta. Alal misali, dokar fansho ta 2014 ta ce a cire wa ma'aikaci kashi 8 cikin 100. To, in an ba gaɓar fansho Naira 100,000, tilas ta dawo da Naira 8,000, in ta kawo wani abu daban ta faɗi. Dokar 2004 kashi 7.5 ta ce, kun ga ke nan lissafi yana canjawa, kuma duk sa'ad da aka taɓa manhaja ana bukatar abin da zai tabbatar ba a ɓata wani wuri ba. Wannan dabara ta bazu ne bayan Kent Beck da Erich Gamma sun rubuta JUnit a 1997, a cikin jirgin sama daga Zurich zuwa Atlanta.

Abu uku nake yi yanzu kafin in rubuta ko layi ɗaya.

Na farko, folda biyu. Ɗaya ana kiranta src, nan ainihin manhaja take zaune. Ɗayar kuma tests, nan gwaje-gwaje suke tare da duk bayanan ƙarya. Su Malam Gwaji can ne gidansu, ba su da izinin ƙetarowa. Masu aiki da harshen Java ta hanyar Maven an riga an shata musu wannan iyaka, watau src/main/java da src/test/java, kuma in an ɗaure manhaja za a miƙa wa masu amfani, ba a haɗawa da kayan gwaji.

Na biyu, laburare. Ba irin namu na bayan ofishin Shugaban Makaranta ba. Wannan tarin kayan aiki ne da wasu suka riga suka rubuta, kai kuma ka ɗauko. Harshen Python, wanda nake aiki da shi, yana zuwa da nasa mai suna unittest, amma na fi sabawa da pytest. Nakan girka shi a keɓaɓɓen wuri na wannan aiki kaɗai, wanda ake buɗewa da venv, don kada kayan wani aiki su cakuɗa da na wani. Sa'an nan in rubuta sunansa da lambar fitowarsa a takarda ta daban, domin in an yi mini canjin wurin aiki, wanda ya gaje ni ya girka daidai abin da na girka. Mu ma'aikatan gwamnati mun san wahalar gadon fayil da ba bayanin miƙa aiki.

Na uku, suna. Shi pytest yana neman fayil da sunansa ya fara da test_ ne, haka ma ayyukan da ke ciki sai sun fara da test. In ka kuskure suna, zai wuce gwajinka shiru, kai kuwa kana murna ba abin da ya faɗi. Saboda haka bayan na nuna wa VS Code inda foldar gwaji take, gwajina na farko da gangan nake sa masa amsar ƙarya. Sai na ga ja ya fito tukuna nake gyarawa in jira kore. Mai gadin da bai taɓa tsayar da kowa ba, ai sai a duba ko barci yake.

Duk wannan shiri ba ya cin rabin sa'a, alhali rashinsa ya kusa cinye mini aikin shekaru.

Daga ƙarshe, ina roƙon Shugaban Makaranta ya ba ni dama in riƙa zuwa ran Asabar ɗaya a kowane wata, in koya wa ƙannenmu na manyan azuzuwa wannan tsari tun ice yana ɗanye. 'Yan uwa masu tsofaffin kwamfutoci a gida kuma, don Allah a taimaka da su.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.