Sulhun dole ba sulhu ba ne: jawabi kan haƙƙin mata ma'aikata a Amurka



Ƴan kasuwa sun san darajar sulhu. In gardama ta tashi tsakanin mutum biyu, sukan amince da dattijo guda ya raba su, ba sai an je gaban alƙali ba. Ginshiƙin wannan al'ada shi ne yardar ɓangarorin biyu. Abin da ya gudana a Amurka ya nuna yadda sulhu ke zama mafakar azzalumi idan aka zare wannan yarda.

A can, kamfanoni da dama kan cusa wani sharaɗi cikin takardar ɗaukar aiki: duk ƙorafin da ma'aikaci zai yi nan gaba ba zai je kotu ba, sai gaban mai sasantawa mai zaman kansa. Wanda ya ƙi sa hannu, aikin ya wuce shi. Tushen abin wata doka ce ta 1925, kuma a 2001 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ta hau kan yawancin ma'aikata. Wani bincike na 2017 ya ƙiyasta cewa sharaɗin ya ɗaure ma'aikata fiye da miliyan 60.

A dubi halin macen da shugabanta ya matsa wa da neman lalata. Zaman sasantawa a ɓoye ake yinsa, ƙofar ɗaukaka ƙara kusan a rufe take, kuma galibi kamfanin ne ke biyan mai sasantawa. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Mafi muni, tun da asirin mai laifi a rufe yake, wadda za a ɗauka aiki gobe ba ta san ramin da ke gabanta ba.

A Yulin 2016, Gretchen Carlson, ƴar jarida a tashar Fox News, ta kauce wa sharaɗin: ta kai ƙarar shugaban tashar, Roger Ailes, shi kansa, maimakon kamfanin. Wasu mata suka fito da nasu bayanin, Ailes ya sauka, aka biya ta dala miliyan 20. A Nuwamban 2018, ma'aikatan Google kimanin 20,000 suka fita zanga-zanga, kamfanin ya janye sharaɗin a kan irin waɗannan ƙararraki.

Daga bisani majalisa ta motsa. Ranar 3 ga Maris 2022, shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar da ta mayar da zaɓi hannun wadda aka zalunta: in ta so kotu, in ta so sulhu. Sai dai dokar ta tsaya kan cin zarafi na lalata. Rigimar albashi da wariyar launin fata suna nan ƙarƙashin tsohon sharaɗi.

Saboda haka, mai neman aiki ya karanta takarda kafin ya sa hannu, ƙungiyoyin ƙwadago kuma su sa ido. Haƙƙin zuwa gaban alƙali ba abin da za a karɓe wa mutum ba ne a ranar da yake neman abin sa wa bakin salati.