Maɓoyar Ƙwayoyin Cutar Amfanin Gona
Jawabi ga Manoma a Garin Lafiya

 

Tambayar da manoma suka sha yi wa malaman gona ita ce: gonar da aka girbe ƙaf, rani ya bi ta kanta har wata biyar, yaya aka yi cutar bara ta sāke ɓulla a cikinta bana? Ina ta kwana? Amsar wannan tambaya ita ce maƙasudin taronmu na yau.

Da farko ya kamata mu san abokin gāba. Akwai wasu ƙwayoyin cuta da masana ke kira bakteriya. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, domin ko an jera guda 1,000 a layi ɗaya, tsawonsu ba zai wuce milimita 2 ba. Yadda suke hayayyafa shi ne, ƙwaya ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu. Idan aka yi irin wannan rabuwa sau 20, ɗaya ta haura miliyan. Amma duk da yawansu suna da rauni: zafin rana da bushewa suna kashe su in ba su sami mafaka ba. Saboda haka idan aka kwashe amfanin gona, sai su nemi masauki a jikin wani tsiro, su zauna shiru har damina ta dawo. Sau da yawa mai masaukin ba ya nuna alamar ciwo ko kaɗan. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari. To, ciyawar da ke bakin gonarka tana iya zama ɗan garin.

Bari mu ɗauki misali uku daga abin da ake nomawa a ƙasar Lafiya.

Na farko, rogo. Cutar ƙonewar ganyen rogo, wadda ƙwayar Xanthomonas ke haddasawa, an fara bayyana ta a ƙasar Barazil a 1912, aka kuma tabbatar da ita a Nijeriya a 1972. A farkon shekarun 1970 ta yi mummunar ɓarna a ƙasar Kwango, wadda ake kira Zayar a lokacin, har ta jawo yunwa, don mutanen can suna cin saiwar rogo da ganyensa duka. Alamarta ita ce tabo mai kusurwa kamar an ɗiga ruwa a ganye, sai ganyen ya yi yaushi ya zube, ƙaro ya tsattsafo daga kara, daga bisani kan tsiron ya bushe. Babbar maɓoyarta ita ce cikin karan rogon kansa, wanda muke yanka mu dasa. Sai kuma gyauron rogo da aka bari a tsohuwar gona, da busasshen ganyen da ke kwance a ƙasa. Binciken da aka yi a Afirka ta Yamma ya nuna cewa ƙwayar tana iya yin makonni a kan ganyen ciyayin gona ba tare da ta cutar da su ba, kuma an same ta a jikin farar nan mai zane-zane da wari, wadda ke cin rogo. Da ruwan sama ya sauko da iska, sai feshinsa ya ɗauke ta daga ciyawa zuwa sabuwar shuka.

Na biyu, shinkafa, wadda ake nomawa a fadamun Doma da Awe da Keana. Ita ma tana da tata cutar ƙonewar ganye, da aka sani a Japan tun 1884, aka kuma gan ta a Mali a 1979, kafin a same ta a wasu ƙasashen yankinmu. Ganyen yakan fara yin rawaya daga baki, ya koma fari-fari ya bushe, zangarniya ta ƙi cika. Mai masaukinta shi ne shinkafar daji, musamman irin da saiwarta ke yaɗo a ƙarƙashin ƙasa, wadda ba ta mutuwa da rani muddin akwai laima. Haka nan wasu ciyayin bakin ruwa, da kututturen shinkafa da ya sāke toho bayan girbi. Inda ake noman rani, shukar rani kan miƙa wa shukar damina cutar hannu da hannu, ruwan ban-ruwa kuma ya kai ta gonar maƙwabci.

Na uku, tumatir da danginsa. Ƙwayar Ralstonia tana shiga ta rauni a saiwa, ta toshe hanyoyin da ruwa ke bi a cikin kara, sai tsiro ya yi yaushi ya mutu alhali ganyensa kore ne shar. Wannan ta fi sauran yawan masu masauki, gama tana kama tsirrai fiye da iri 200, ciki har da tattasai da yalo da dankalin Turawa da taba da gyaɗa. Tana kuma laɓewa a saiwar ciyayi irin su balasa da gautan kaji. Manomin da ya cire tumatir ya sa tattasai a wurin, a ganinsa ya sauya shuka, amma ga ƙwayar cutar tuwo ne dai aka sauya masa suna. Gwajinta ba wuya: a yanke karan da ya yi yaushi, a rataya bakinsa cikin ruwa mai tsabta a kofin gilashi. In aka ga wani abu fari kamar zaren madara yana sauka cikin 'yan mintoci, to ita ce.

Lalle ne a sani, idan waɗannan ƙwayoyi suka shiga jijiyar tsiro, babu wani feshi da zai warkar da shi. Kada a ɓata kuɗi wajen sayen maganin ƙwari dominsu. Rigakafi ya fi magani, ga kuwa hanyoyinsa:

1. A yanki irin rogo daga gonar da aka duba tun da damina aka ga lafiyarta ƙalau, domin da rani ganye ya zube, ba a gane mai ciwo.

2. A nemi iri mai jure cuta. Cibiyar IITA da aka kafa a Ibadan a 1967 ta fito da rogo irin su TMS 30572, cibiyoyin bincike na Umudike da Badeggi kuma suna aiki a kan rogo da shinkafa.

3. A yi noman firi da maimai a kan kari, kuma kada a tsaya a bakin kunya. A share iyakar gona da magudanar ruwa.

4. A tuge gyauro da shinkafar daji. Ragowar shuka mai ciwo a binne ta da huɗa ta ruɓe, ko a tara ta wuri guda a ƙone. Wannan ba izini ne na cinna wa daji wuta ba.

5. Gonar da tumatir ya yi yaushi a cikinta, a sa mata masara ko dawa ko gero har 'yan shekaru.

6. A wanke adda da wuƙa da ruwan bilic, ko a gasa bakinsu a wuta, kafin a shiga wata gona.

7. Kada a cika wa shinkafa takin yuriya fiye da ƙima, gama yana ƙara wa cutar ƙarfi.

Daga ƙarshe, wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne. In ka share gonarka maƙwabcinka ya bar tasa, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Saboda haka muna roƙon dagatai da masu unguwanni da sarakunan noma su sa ranar gayya don share bakin fadama kafin shuka. Ƙasar Lafiya ta daɗe da sanin amfanin malamin gona, tun shirin raya aikin gona da aka fara a nan a 1977 da taimakon Bankin Duniya. Duk wanda ya ga alamar da bai gane ba, ya tuge tsiron da saiwarsa, ya ƙunshe shi a leda, ya kai wa malamin gona mafi kusa da shi ba tare da jinkiri ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mana amfanin gonarmu.