'Ya'yanmu Mata Masu Kaki: Wa Zai Kai Labarinsu Dandali?

Mai girma shugaban taro, iyayen ƙungiya, da 'yan'uwa da kuka taso daga Legas da Abuja da Kaduna domin taron gida, ina yi muku barka da zuwa.

An nemi in yi tsokaci a kan wasan kwaikwayo da mata masu aikin soja. Na san wani zai ce, ina ruwan biri da gada? To, a yi haƙuri a saurare ni.

Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a cikin ganuwar nan. Tun kaka da kakanni yaranmu ke tashe da azumi, matan fada kuma suna wasan gauta, inda suke kwaikwayon sarki da hakimansa. Da boko ya zo, Malam Aminu Kano da Alhaji Maitama Sule sun yi amfani da wasa wajen wayar da kan jama'a.

Haka nan mace mai ɗamarar yaƙi ba sabon abu ba ce a ƙasar Hausa. Littafin tarihin Kano ya ambaci Amina ta Zazzau a zamanin Sarki Dauda (1421-1438), cewa ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, kuma Sarkin Nufe ya aika mata da goro 10,000. Wale Ogunyemi ya wallafa wasa a kanta a 1999, aka kuma fito da fim ɗinta a 2021.

Sai dai Amina ta daɗe da kwanta dama, yabonta ba ya ɗora wa kowa nauyi. Na zamaninmu fa? A 1994 Aderonke Kale, likita, ta zama mace ta farko da ta kai Manjo Janar a Nijeriya. A 2011 Kwalejin Horon Hafsoshi ta Kaduna ta fara ɗaukar mata horon yaƙi. Tolulope Arotile, mace ta farko da ta tuƙa helikwaftan yaƙi a ƙasar nan, ta rasu a Kaduna a 2020 tana da shekara 24. Bayan waɗannan akwai waɗanda ba a jin sunansu, ma'aikatan jinya da akawuna a barikin Bukavu da Janguza, da waɗanda aka tura Arewa maso Gabas. A cikinsu akwai 'ya'yan Hausawa.

Labarinsu ne nake son mu gani a dandali: ranar da yarinya ta durƙusa a zaure ta gaya wa mahaifinta niyyarta, da tsegumin gidan biki, da manemin da ya janye, da jaririn da aka bar wa kaka saboda an tura uwarsa Maiduguri. Uban da ba zai zauna sauraron lacca ba, in ya ga irin zaurensa a dandali zai tsaya, domin gani ya kori ji.

Don haka ina ba ƙungiya shawara uku. Na ɗaya, mata daga cikinmu su zauna da sojoji mata, masu ci da masu ritaya, su ji daga bakinsu, da yardarsu, a kuma sakaya sunayensu. Na biyu, a nemi marubuci daga Jami'ar Bayero ya tsara wasan, ban da kirari, ban da ba'a. Na uku, ɗaliban makarantunmu su gabatar da shi a hutun Sallah, lokacin da kuke gida.

Ba cewa nake kowa ya kai 'yarsa soja ba. Wannan shawara ce ta kowane gida. Amma wadda ta kwana a tsaye domin mu yi barci, hakkinta ne mu saurare ta kafin mu yanke mata hukunci.

Allah Ya tsare su, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Wassalamu alaikum.