Aikin Gidan Waya: Daɗinsa da Ɗacinsa



Mai girma shugaban taro, iyayenmu tsofaffin ma'aikatan gidan waya, malamai, ɗalibai, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da wannan rana ta 9 ga Oktoba. A rana irin ta yau ce, cikin 1874, aka kafa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, shi ya sa duniya ta ware ta domin tunawa da wannan aiki. Tambayar da aka ɗora mini ita ce: matashin da ya samu takardar ɗaukar aiki a gidan waya a yau, murna zai yi ko juyayi?

Iyayenmu da ke zaune a sahun gaba ba su san wannan tambaya ba a zamaninsu. Turawa sun buɗe gidan waya na farko a Ikko a 1852, kuma tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 buhunan wasiƙu suka riƙa zuwa Arewa a kan kari. Duk wanda ya sa hular ma'aikatar gidan waya da sadarwa ta P&T a wancan lokaci mutum ne da ake tashi a gaishe shi. Ta hannunsa soja yake aiko wa mahaifiyarsa kuɗi, ta hannunsa ɗalibi yake karɓar takardar shiga jami'a, ta hannunsa katin zaɓi-sonka yake isa Rediyon Kaduna, wasiƙar mai karatu kuma ta isa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. A 1985 aka raba ma'aikatar gida biyu, NITEL ta ɗauki tarho, NIPOST ta riƙe wasiƙu. Da wayar salula ta shigo a 2001, sai wasiƙar gaisuwa ta fara ƙaura, intanet ya zo ya kwashe yawancin abin da ya rage.

To, me ya saura na daɗi?

Na farko, aikin gwamnatin tarayya ne. Akwai matakin albashi, akwai ƙarin girma, akwai hutun shekara, akwai fansho, kuma ba a korar mutum don kawai maigida ya tashi da fushi. Ku dubi yaron da yake rarraba kaya a kan babur wa wani kamfani mai zaman kansa: sau da yawa ba shi da takardar aiki, ranar da ya faɗi ya karye, ranar ce abincinsa ya yanke. Ma'aikacin gidan waya yana da lokacin zuwa da lokacin tashi, yana iya yin karatun yamma, yana iya leƙa gonarsa.

Amma abin da na fi so in tsaya a kansa wani ilimi ne da ba a koyar da shi a aji. Lambar gidan waya ta tsakiyar Kano 700001 ce, ta Kaduna 800001, sai dai wannan lamba ba za ta kai ka ƙofar gidan kowa ba a cikin lungunan Yakasai ko Ƙoƙi. Gidaje da yawa ba su da lamba, lunguna ba su da allon suna. Adireshin da ake rubutawa a bayan ambulan shi ne: ta hannun mai unguwa, ko kusa da masallacin wane, ko shagon tela na bakin kasuwa. Mai raba wasiƙa shi ne yake warware wannan. Ya san cewa mai wannan suna ya tashi ya koma gidan ƙaninsa, ya san gidan da ba a shiga sai an aika yaro, ya san tsohuwar da ba ta iya karatu, wadda za ta ce masa, “Ɗana, zauna ka karanta mini.” Yana karantawa, ya ji sirrin gida, ya tafi da shi a cikinsa. Wannan amana ce, kuma wanda ya riƙe ta shekara talatin yana barin aiki da mutuncin da albashi ba ya saya. Ina roƙon matasa su ɗauki wannan magana da nauyi, domin a yau da ciniki ya koma kan waya, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari yana aika kaya Fatakwal, babu abin da ya fi tsada a wannan harka kamar mutumin da ya san hanya kuma aka yarda da shi.

Yanzu ga ɗacin, kuma ba zan rage masa komai ba.

Albashin ƙaramin ma'aikaci ba ya kai shi ƙarshen wata. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota kaɗai yana cinye kaso mai yawa. Aikin kansa na jiki ne: ɗaukar buhu, tsayuwa a ɗakin tantance wasiƙu, yawo cikin zafin bazara da ruwan damina, direbobi kuma suna bin hanyoyin da kowa ya san halin tsaronsu. Ku shiga ofisoshin ƙananan hukumomi ku ga akwatunan wasiƙu da tsatsa ta ci, rufi yana yoyo, ma'aikaci yana zaune tun safe bai ga mai sayen kan sarki ba. Zaman banza a wurin aiki yana kashe zuciya fiye da gajiya.

Akwai kuma nauyin suna. A shekarun baya jama'a sun yi ta kuka da ɓatan wasiƙu da buɗe ƙunshin kaya. 'Yan kaɗan ne suka yi, amma wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma mai gaskiya da ke kan kanta shi ne yake shan harara har gobe. Marigayi Alhaji Abubakar Musa Argungu, wanda ya shugabanci hukumar NIPOST har zuwa rasuwarsa a haɗarin jirgin Bellview a watan Oktoban 2005, ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen dawo da yardar jama'a. Allah Ya jiƙansa. Aikinsa ya nuna cewa gyaran yana yiwuwa idan an samu shugaba mai kishi.

Abu na ƙarshe shi ne rashin tabbas. Ma'aikata sun ga yadda NITEL ta ƙare, sun ga taƙaddamar da aka yi a 2020 tsakanin hukumarsu da hukumar tara haraji ta FIRS a kan kuɗin hatimi, kuma kullum suna jin maganar sake fasali. Da wuya mutum ya shirya rayuwarsa a gidan da bai san makomarsa ba.

Amma wannan koma-baya ba dole ba ne. Indiya tana da ofisoshin gidan waya sama da 150,000, yawancinsu a karkara, kuma a 2018 ta buɗe bankin biyan kuɗi a cikinsu, har mai raba wasiƙa ya zama shi ne yake kai wa manomi hidimar banki ƙofar gida. Mu ma mun taɓa samun asusun ajiya a gidan waya. Garuruwa nawa ne a Jigawa da Yobe da Zamfara da suke da ginin gidan waya amma ba su da reshen banki?

Ga hukuncina. Ɗana, 'yata, idan abin da kake nema shi ne kujera da fanka da jiran fansho, za ka tsufa da wuri a wannan aiki. Idan kuwa za ka shiga ka koyi kwamfuta, ka koyi bin sawun kaya daga karɓa har zuwa miƙawa, ka san garinka lungu-lungu, ka tsare hannunka daga abin da ba naka ba, to karɓi takardar, aiki ne na mutunci, kuma abin da ka koya zai bi ka duk inda ka je.

Ga hukumomi kuma, roƙona shi ne a biya tsofaffi haƙƙinsu a kan lokaci, a ba masu aiki babura da kayan aiki, a sanya wa titunanmu suna, gidajenmu lamba. Ku kuma jama'a, idan kuna da saƙon da za ku aika cikin makon nan, ku gwada kai shi gidan waya mafi kusa da ku.