Faɗuwar Gaba da Firgici: Hanyoyin Shawo Kansu Ba Tare da Ƙwaya Ba

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan wata cuta wadda ta yawaita, amma ba kasafai ake ambatonta a fili ba, watau firgicin nan da kan auka wa mutum farat ɗaya, ba tare da wani abin tsoro a gabansa ba. Za a duba asalinsa, da abin da ke rura shi a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, kana a kawo hanyoyin da mutum zai iya bi da kansa.

Yadda abin yake zuwa

Alal misali, a ɗauka ga wani akawu zaune a ofis, ko ɗalibi a ɗakin jarrabawa. Kwatsam sai gabansa ya yanke ya faɗi, zuciya ta shiga dukan uku-uku, gumi ya keto, numfashi ya sarƙe, yatsu su yi tsami, jiri ya ɗebe shi, har ya sakankance ajali ne ya zo. Galibi abin yakan kai matuƙa cikin minti 10, sa'an nan ya lafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba iri-iri. Ashe ke nan mai wannan lalura ba shi kaɗai ba ne, kuma ba ragwanci ke damunsa ba.

Tun a 1915 wani masani na Jami'ar Harvard a Amurka, Walter Cannon, ya bayyana yadda jiki ke shirin faɗa ko gudu idan ya hangi haɗari. Wasu 'yan ƙulluttai da ke bisa ƙoda sukan zuba wa jini wani sinadari mai suna adiranalin, zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya yawaita. Wannan shiri shi ke ceton manomi ran da ya yi kiciɓis da kububuwa a kunya. Illar ita ce ya tashi alhali babu maciji. A 1986 David Clark na Oksfod a Ingila ya nuna yadda da'irar take: mutum ya ji bugun zuciya, ya fassara shi da mutuwa, tsoron ya ƙara bugun, bugun ya ƙara tsoron.

Abin da ke rura wutar

Ƙasar Funtuwa ƙasar auduga ce da masara, kuma nan ne aka kafa ɗaya daga cikin manyan shirye-shiryen raya aikin gona na farko da Bankin Duniya ya tallafa a 1975. Amma hare-haren 'yan bindiga a Faskari da Sabuwa da Ɗandume, da sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba 2020, sun bar tabo a zukata. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wanda ya taɓa kwana a daji yana ɓoyo, ƙarar babur kaɗai ta isa ta tayar masa da hankali. Ga kuma bashin taki, da jinkirin albashi, da zullumin jarrabawa. Tun a 1960 Raymond Prince ya rubuta labarin gajiyar ƙwaƙwalwa da ya gani wajen ɗaliban Nijeriya masu kwana karatu.

Lokacin da abin ya taso

Da farko, mutum ya kira abin da sunansa, ya tuna wa kansa cewa firgici ne, ya taɓa zuwa ya wuce, kuma shi kansa firgicin ba ya kisa.

Na biyu, ya sassauta numfashi. Yawan haki yana rage iskar kabon da jini ke bukata daidai gwargwado, wannan ne ke kawo jiri da tsamin yatsu. Sai ya ja iska ta hanci yana ƙirga huɗu, ciki ya kumbura, kana ya sake ta a hankali yana ƙirga shida, ya yi ta maimaitawa na 'yan mintoci. Lalle ne a saba da wannan tun ana lafiya, domin ba a koyon iyo ranar da kogi ya kawo.

Na uku, ya mai da hankalinsa waje: ya ƙirga abubuwa biyar da yake gani, ya saurari sautin da ke kewaye, ya shafa ruwan sanyi a fuska. Wanda ya saba da zikiri ko addu'a, jan carbi a natse yana daidaita masa numfashi da tunani.

Na huɗu, in wurin ba mai haɗari ba ne, kada ya gudu. Wanda firgici ya kama a kasuwa ya daina zuwa kasuwa, gobe mota zai ƙaurace wa, jibi ya kasa fita zaure. Komawa wurin kaɗan-kaɗan ita ke koya wa jiki cewa babu abin tsoro.

Rigakafi

A rage goro da shayi mai kauri da kofi da lemon ƙara kuzari, domin sinadarin da ke cikinsu yana sa bugun zuciya. A kiyaye lokacin barci, a bar kwana karatu da ƙwayar hana barci. A motsa jiki, ko da tafiyar ƙafa ce mai sauri, abin da ya kai minti 150 a mako. Har ila yau a nemi amini a faɗa masa damuwa. A ƙasar Zimbabuwe, tun daga 2006, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci suna sauraron masu yawan tunani, kuma bincike ya tabbatar da amfanin haka. Dandali da zaure da tsakar gida na iya yin wannan aiki idan aka samu mai riƙe asiri.

Iyakar wannan hanya

Wajibi ne wanda abin ya fara samu ya je asibiti a auna shi, domin ciwon zuciya da asma da ƙarancin jini da cutar maƙoƙo duk sukan zo da irin waɗannan alamu. Ciwon ƙirji mai tsanani, ko suma, ko tunanin halaka kai, ba abin jinkiri ba ne. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya yanke shi da kansa. Babban haɗarin shi ne sayen ƙwayar barci ko taramol a kemis ba da takardar likita ba, domin sauƙinsu na ɗan lokaci ne, sabonsu kuwa mai wuyar bari.

Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta hana a wulaƙanta mai irin wannan lalura. Saura ga shugabannin ofisoshi da malamai: ma'aikaci ko ɗalibin da ya zo da wannan kuka, a ba shi wuri ya zauna, a saurare shi, a nuna masa hanyar asibiti, kada a yi masa dariya ko a yanke hukuncin cewa iska ce ta buge shi.